Ƙarar Ƙasan Mota Nasiha Ce, A Saurare Ta

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya, ko yake zirga-zirga cikin garuruwanmu bayan damina ta farfasa kwalta ta bar ramuka, lalle ya taɓa ganin mota a gefen titi ta gurfana kamar raƙumi, ƙafarta ta gaba ta ɓalle ta shige ƙarƙashinta, mai ita yana salati, jama'a suna yi masa jaje da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ba na jayayya da ƙaddara, amma ina da yaƙinin cewa galibin irin wannan karaya ba ta zuwa bagatatan, domin motar ta yi makonni tana ƙwas! ƙwas! duk sa'ad da aka karya kwana ko aka faɗa rami, sai dai ba a kula ta ba.

Kwanan baya na shiga motar haya, tun ba mu bar gari ba na ji ƙasanta yana bugawa ta wajen dama, sai na ce, "Malam direba, ba ka jin ƙarar nan?" Ya ce, "Baba, ai ta daɗe da ita, Allah dai ya kiyaye." Na amsa da amin, amma hankalina bai kwanta ba, saboda malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya inganta sai da riƙo da sababi, kuma wanda ya ɗora rayukan bayin Allah a kan ƙarfen da ya san yana da illa, haƙiƙa ya yi wasa da amana, ko da an sauka lafiya.

Kamar yadda alƙali ba ya yanke hukunci sai ya saurari shaidu, haka mai mota ya kamata ya lura da lokacin da ƙarar take zuwa, tun kafin ya nufi Ƙofar Ruwa ko Panteka sayen kaya. Idan ana tafiya miƙe a kan gargada ta riƙa ƙwanƙwasawa kaɗan-kaɗan, yawanci linkej ne ko bushin ɗinsa suka cinye. Idan kuwa mota tana tsaye aka murza sitiyari ta yi ƙwas daga sama, to, a tuhumi kan shakzoba. Idan kuma bugun yana zuwa ne wajen taka birki ko wajen tashi, robobin hannun ƙafa sun tsage. Amma ƙas-ƙas-ƙas ɗin da ke bin juna yayin da aka karya kwana ana taka totur, wannan kan shaf ne, wanda robarsa ta yage, giris ya tsiyaye, yashi ya shiga. Dattawan makanikai da suka ƙware a kan Peugeot, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ba su cika gamuwa da wannan a gaban 504 ba, domin da ƙafafun baya take ja, alhali Golf da Corolla da suka cika tashoshinmu yau da na gaba suke ja.

Bayan sauraro sai tahƙiƙi. A ɗaga motar da jak, a tokare ta da abu mai ƙarfi kafin kowa ya shiga ƙarƙashinta, sannan a kama tayar sama da ƙasa a jijjiga: in ta yi wasa, boljoyin ne ko boris, in kuma aka kama ta hagu da dama ta yi wasa, tayirod ne. A duba jikin shakzoba ko yana yoyon mai. Na ga wani tsohon makanike yana ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfe, yaronsa yana murza sitiyari, har ya ji bugun a hannunsa, sa'an nan ya ce, "Alhaji, ga ɓarawon nan."

A nan nake kira ga makanikai da su ji tsoron Allah game da boljoyin, domin shi ne mahaɗin da ke riƙe da ƙafa, kuma idan ya cinye, to, bubbuga shi da guduma ko cusa masa roba yaudara ce da ke kashe ƙarar ta bar cutar. A canza shi, a canza shakzoba biyu tare, a ƙarasa ɗaure notin bushin bayan an sauke motar nauyinta ya zauna, sannan a kai ta a daidaita ƙafafu don kada taya ta cinye gefe guda. Mai mota kuma ya tuna cewa araha ba ta ado.

Tun 1988 muke da Hukumar Kiyaye Haɗurra a kan titunanmu, amma jami'in da ke tsaye a bakin hanya ba ya jin abin da direba yake ji ƙarƙashin kujerarsa. Wanda kunnensa ya ji ƙarar, a wuyansa alhakin yake.