Sankarar Burkitt da Yaranmu



Akwai wata sankara ta jini da kaluluwa da likitoci ke kira Burkitt. A Turai ba kasafai ake ganinta ba, amma a ƙasashenmu da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, tana cikin waɗanda suka fi kama yara. Takan fito a muƙamuƙi ko a ciki, kuma kumburin kan ninka cikin kwana ɗaya ko biyu. Zazzaɓi mai yawan dawowa ne ke raunana garkuwar yaro, sai ƙwayar cutar Epstein-Barr ta samu kafa.

A Afirka aka fara gano ta, a Afirka kuma aka fara cin galabarta. Likita Denis Burkitt ya bayyana ta a 1958 daga asibitin Mulago da ke Kampala. Bayan 'yan shekaru, shi da irin su Victor Ngu, ɗan Kamaru da ke aiki a Ibadan, suka ga yadda allurar cyclophosphamide ke narkar da kumburin cikin 'yan kwanaki. Turawa suka ɗora a kai, suka haɗa magunguna da dama, daga baya suka ƙara rituximab, wanda ke farautar ƙwayoyin da cutar ke fitowa daga cikinsu. Yau a can, fiye da yara 90 cikin 100 na warkewa.

A nan fa? Uwa ta ga kumatun ɗanta sun kumbura, a ce hangum ne, ko a kai shi a cire haƙori. Kafin a isa asibitin koyarwa na Kano ko na Shika, makonni sun wuce. In an fara allura kumburin ya sace, sai iyaye su ɗauka an gama, ko kuɗi ya ƙare, su koma gida. Cutar kuwa ta dawo da ƙarfinta. Ba na ganin laifin talakan da ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Burkitt cikin sankarar yara shida da ta ba fifiko, da burin ceto yara 60 cikin 100 kafin 2030. Gwamnonin arewa su ɗauke wa iyaye kuɗin allura da na mota har a kammala magani, a kuma koya wa ma'aikatan asibitocin ƙauye su tura duk yaron da muƙamuƙinsa ke kumbura da sauri zuwa babban asibiti a ranar.