Darasin Addini A Makarantun Gwamnati Na Yankin Funtua Da Malumfashi

Kamar yadda jama'a suka sani, sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karatun wani addinin da ba nasa ba. Saboda haka ne aka yi ta ce-ce-ku-ce lokacin da aka haɗe darasin addinin Musulunci da na Kirista a manhaja guda, har Gwamnatin Tarayya ta ba da umurnin raba su a shekarar 2017.

A nan kudancin Katsina batun ya shafe mu kai tsaye. Mafi yawan manomanmu Musulmi ne, amma a ƙauyukan Malumfashi da Ƙafur akwai Hausawa Kiristoci tun zamanin 'yan mishan, kuma 'ya'yansu na zaune aji ɗaya da sauran yara.

Matsalar tsaro ta ƙara wa makaranta nauyi. Tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, da harin masallacin Unguwar Mantau a Agustan 2025, tsoro ya sa wasu suka rage fita sallar asuba, wasu majami'un ƙauye kuma suka rasa mutane saboda hijira. Yaron da bai je Islamiyya ko majami'a ba, ajin firamare kaɗai ya rage masa.

A ganinmu, ya kamata sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi su ƙidaya makarantun da ba su da malamin kowane darasi daga cikin biyun, su miƙa wa Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha kafin zangon karatu mai zuwa.