Wutar Challawa da titin kilomita biyar: wane dutsen murhu za a taɓa?

Idan kai ɗan Karaye ne ko Rogo, ba sai an yi maka bayanin Dam ɗin Challawa ba. An gina shi tsakanin 1990 da 1992, yana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Ga kifi, ga noman rani. Amma wutar lantarkin da aka ce za a samar daga ruwan nan fa?

A 2013 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta ƙaddamar da aikin samar da megawat 35: goma daga Tiga, 25 daga Challawa. Daga baya lissafin Challawa ya sauko zuwa megawat shida. Shekara fiye da goma ke nan, maganar da ake yi a kansa ita ce ta kammalawa. Kafin ka ce cin amana ne ko ka ce sharrin 'yan adawa ne, tsaya mu duba yadda kowane aiki yake zaune.

Masana gudanar da ayyuka sun ce aiki kamar tukunya ne a kan murhu, duwatsu uku ke riƙe da shi. Na farko girman aikin: me za a yi, ina zai tsaya? Na biyu lokaci: yaushe za a gama? Na uku abin hannu: kuɗi, ma'aikata da kayan aiki. Ka taɓa ɗaya, dole sauran su motsa. Kana son babban aiki cikin gaggawa? Sai ka zuba kuɗi. Kuɗin sun gaza? To ko ka rage aikin, ko ka ƙara wa'adi. Wanda ya ce maka zai yi babba, da sauri, kuma da araha, kamfen yake yi.

Ɗauki titin kilomita biyar da aka tsara wa kowace ƙaramar hukuma a wancan zamanin, har da Karaye da Rogo. Ƙananan hukumomi 44 sau biyar, kilomita 220 ke nan, mai hannu biyu, da magudanar ruwa da fitilu. An kafe girman aikin, kowa sai ya samu daidai da na kowa. Lokaci ma a kafe yake, domin wa'adin gwamnati zai ƙare a 2015. Saura kuɗi, su kuwa daga kason Abuja suke zuwa. Sai ga farashin ɗanyen mai ya faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 50 a farkon 2015. Da dutsen kuɗi ya goce, ba a rage tsawon titunan ba, sai lokaci ya ɗauki nauyin. Da yawa suka tsaya a jar ƙasa, har Abba Kabir Yusuf, wanda shi ne kwamishinan ayyuka a lokacin, ya zama gwamna a 2023 ya tarar da aikin yana jiransa.

Cikin duwatsun nan uku, lokaci ne aka fi saurin sadaukarwa, saboda ba ya buƙatar sanarwa. Rage aiki sai an fito an faɗa, a sha surutu a rediyo. Ƙara kuɗi sai an je majalisa. Jinkiri kuwa shiru kawai ake yi, ɗan kwangila ya kwashe motocinsa, shi ke nan. Alhali shi ne ya fi tsada. A 2013 dala ɗaya tana wajen naira 160, a 2024 ta haura 1,500. Injin wuta da kayan gyaransa daga waje ake shigo da su. Ga siminti, ga dizal, ga ƙasar da aka baje damina ta wanke, sai an sake zubawa. Aikin da aka bari yana jira, kuɗinsa ba sa jira.

Shi ya sa saukowa daga 25 zuwa shida ba lallai ne ya zama abin kunya ba. Megawat shida da ke juya injin casar shinkafa da firjin asibiti ya fi 25 da ke kan allon sanarwa. Da babu gara ba daɗi. Abin da ya kamata a tuhuma shi ne a rage aiki kuma lokaci ya ci gaba da tafiya. A nan an yi biyu babu.

Sai dai rage aiki ma yana da ƙa'ida. A rage shi zuwa abin da zai yi amfani shi kaɗai. Kilomita biyu da kwalta da kwalbati, mota ta bi yau, sun fi biyar da aka kankare aka bari. Kuma kada a ɓoye ragin a cikin inganci. Idan an rage kaurin kwalta don a cika tsawo, ba a rage komai ba, an tura bashin ne zuwa damina mai zuwa.

Akwai kuma masu ƙara girman aiki ana tsakiyar tafiya. Titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano an ba da shi a ƙarshen 2017 a matsayin gyara, kan kusan naira biliyan 155. A 2021 aka mai da shi sabon gini gaba ɗaya, kuɗin suka tashi zuwa kusan biliyan 797. Wataƙila titin na buƙatar hakan, amma duk wanda ke bin hanyar ya san abin da wa'adi ya gani.

To kai ina ruwanka? Zaɓen 2027 na tafe, za a shigo Karaye da Rogo da buhun alƙawura. Maimakon tafi, yi tambaya uku. Nawa ne kuɗin, kuma suna cikin kasafin wace shekara? Wane wata za a miƙa aikin? Idan kuɗi suka yanke, wane ɓangare za a fara ajiyewa? Wanda ya amsa ta ukun ya zauna ya yi tunanin aikin. Wanda ya ce ai kuɗi ba za su yanke ba, ka san inda ka ajiye shi.

Kuma kada ka ɗauka maganar gwamnati ce kaɗai. Ƙungiyarku ta unguwa da ke son haƙa rijiyar burtsatse, ta sa sola, ta ɗora tanki, ta kewaye da katanga, ku zauna tun kafin a karɓi kobo ku rubuta wanne ne dole, wanne zai iya jira. Ruwa ya fara fitowa, katanga ta biyo baya. Mai son buɗe shagon cajin waya ma haka: idan kafin Sallah kake so ka fara, lokaci ne dutsen da ba zai motsa ba, sai ka haƙura da babban shago ka fara da teburi. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Ka zaɓi wanda za ka sassauta da kanka tun kuɗi suna hannu, kafin tsadar kaya ta zaɓa maka.