Kunne Ba Jami'in Shige da Fice Ba Ne

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a biranenmu, musamman Kano: mutum ya buɗe baki ya ce "tahi" a maimakon "tafi", ko "hita" a maimakon "fita", nan take a yanke masa hukunci cewa ɗan Nijar ne. Wani lokaci abin ya tsaya ga dariya. Wani lokaci kuwa ya kai ga shingen hanya, ko teburin da ake yi wa mutane rajistar katin ɗan ƙasa, inda za a soma tambayar mutum garin kakansa. Waɗanda wannan hukunci ya fi shafa su ne mutanen bakin iyaka, cikinsu har da na masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

Ba na musun cewa kunne yana gane karin harshe. Yana ganewa ƙwarai. Basakkwace ya ce "munka zo", Bakano ya ce "muka zo". A Zariya da Bauchi ana jin "mace ne" inda Bakano zai ce "mace ce". Wanda ya yi karatu a Damagaram zai kira makaranta "lakwal", babbar mota "kamyo", kuma ya ƙirga kuɗinsa da dala da jika. Duk wannan gaskiya ne. Abin da kunne yake ganowa shi ne wurin da mutum ya tashi da mutanen da ya yi cuɗanya da su. Takardar zama ɗan ƙasa kuwa wani abu ne daban, kuma a nan ne mai hukunci da kunne yake yin ɓatan kai.

A dubi tarihin Gumel. Mangawa ne suka kafa masarautar a ƙarni na 18, tana biyayya ga Barno, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, kuma sarakunanta da laƙabin Mai aka san su. Tsohuwar hedikwatarta, Tumbi, yau tana cikin ƙasar Nijar. Sai a tsakiyar ƙarni na 19 aka komo garin Gumel na yanzu. Layin da ya raba Tumbi da Gumel Turawan Ingila da na Faransa ne suka zana shi a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, sannan aka bi aka kafa alamu. Ba su tambayi kowa yadda yake furta kalma ba. To, ta yaya za a sa ran harshen da ya girmi iyakar da ɗaruruwan shekaru ya tsaya cak a inda aka kafa dutse? Kowace Alhamis kasuwar Maigatari tana cika da shanu da raƙuma da awaki, da dillalai da masu saye daga ɓangarorin biyu. Ana auratayya, ana zuwa suna da jana'iza. An rufe iyakar a 2019, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, amma ba a taɓa jin wanda ya rufe bakin uwa mai koya wa ɗanta magana ba.

Sai kuma batun "daidaitacciyar Hausa", wadda masu dariya suke fakewa da ita. An gina ta a kan karin Kano ne saboda dalilai na mulki da ɗab'i: ƙa'idojin rubutu da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya tsara, da ƙamus ɗin Bargery na 1934, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955. Yarjejeniya ce domin a samu rubutu guda, kuma tana da amfani. Da ita nake rubuta wannan. Amma ba ta mai da Kananci asali ba. Hasali ma masana sun daɗe da nuna cewa "zamna" da "amre" da "sabka" na mutanen yamma su ne tsofaffin siffofi, "zauna" da "aure" da "sauka" su ne suka sauya daga baya. Bakanon da yake yi wa Basakkwace dariya, furucin kakanninsa yake yi wa dariya. Masu shirya fina-finanmu, waɗanda suka mai da duk wani karin da ba na birni ba abin sanya wa baƙauye ko wawa a baki, ya kamata su san wannan.

Wani zai ce ai raha ce, Hausawa kuma sun saba da wasan barkwanci tsakanin garuruwa. Haka ne, sai dai wasa tsakanin tsara yake. Da zarar ɗaya yana riƙe da hatimi ko bindiga, ya tashi daga wasa. A 1937, a Jamhuriyar Dominika, an kashe dubban 'yan asalin Haiti, kuma labarin da ya shahara shi ne da furucin kalma guda ta Sifaniyanci ake tantance su. Mu ba mu kai can ba, Allah Ya kiyaye. Amma mun ga yadda zargin baƙunci yake zama makami: a watan Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin jihar Barno, ta kai shi Chadi bisa zargin ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da kotu ta tabbatar masa da ƙasarsa. Shi ɗan majalisa ne, yana da jam'iyya da lauyoyi. Ɗan kasuwar da ya ɗauko awaki daga Maigatari zuwa Legas, aka tsayar da shi a shinge na goma domin ya ce "hita", ba shi da ko ɗaya, kuma motar ba za ta jira shi ba.