RA'AYINMU: RANA ƊAYA TA MAI KAYA

Akwai wasu littattafan Turanci da ɗalibai da ƙananan ma'aikata ke yawan aro a hannun juna, watau labarun binciken kisan kai irin na Agatha Christie, mutuniyar Ingila, wadda ta rasu a 1976 bayan ta rubuta guda 66. Wasu na cewa karanta su ɓata lokaci ne. Mu dai ba mu yarda ba.

Tsarin labarun kusan ɗaya ne. Za a tsinci gawa a wani ƙauye ko babban gida, amma ba za a cika wa mai karatu ido da jini ba. Waɗanda ake zargi kaɗan ne, kuma duk sun san juna: likita, limamin coci, magajin dukiya, baran gida. Sau da yawa guba ce makamin, domin marubuciyar ta yi aikin haɗa magani a asibiti lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Mai binciken kuwa ba ya bukatar bindiga. Miss Marple, wadda littafinta na farko ya fito a 1930, tsohuwa ce mai saƙa a ƙauye, jarinta kawai sanin halin ɗan Adam.

To, ina daɗin yake? Na farko, wasa ƙwaƙwalwa ne. A 1929 Ronald Knox ya tsara wa marubuta ƙa'idoji goma, ciki har da cewa duk alamar da mai bincike ya gano, tilas a nuna wa mai karatu. Ke nan kai ma alƙali ne. Na biyu, kuma shi ne babba, a babin ƙarshe gaskiya takan yi halinta, ko da mai laifin shi ne mafi daraja a garin.

Raymond Chandler na Amurka ya soki irin waɗannan littattafai a 1944, cewa kisan kai na zahiri ba haka yake ba. Ya yi gaskiya. Amma wanda ya sha ganin an rufe bincike ba sakamako, ba laifi ba ne in ya nemi inda ake kama ɓarawo.

'Yan'uwa, gobe takardun jama'a za su zo teburinku. Ku ɗauki ɗabi'ar tsohuwar nan: a saurari kowa, a auna shaida, kada babbar riga ta wanke mai laifi, kada tsumma ya jawo wa talaka zargi.