Wanda Ya Taɓa Kwanciya Shi Ya San Zafin Tabarma

Ranar da aka sallamo mai sankarar baki daga asibiti, dangi kan ɗauka an gama. Alhali a gida ne wahalar ke buɗe sabon shafi. An yanke wani sashe na harshe ko muƙamuƙi, an cike gurbin da tsokar hannu ko ƙashin ƙauri. Ga bututun abinci ta hanci, ga yawu na dalala, magana kuma ba ta fita. Sau da yawa, cikin mako shida za a soma gashi da na'ura, mai busar da baki ƙamas.

'Yan dubiya za su cika ɗaki da "Allah ya ƙara sauƙi", kuma addu'a ce mai daɗi. Sai dai wa zai gaya masa ya bar kunu ya huce, ya guji yaji, ya kurkure baki da ruwan gishiri, ya riƙe allon rubutu kusa da matashi? Wanda ya bi hanyar ne kaɗai ke tuna waɗannan ƙananan abubuwa.

Abin da Nancy Leupold ta gane ke nan. Bayan ta yi fama da cutar, a 1991 ta kafa ƙungiyar SPOHNC a New York ta Amurka, inda waɗanda suka warke ke riƙe hannun sababbin majinyata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan 390,000 ne suka kamu da sankarar baki a duniya a 2022. Don haka ya kamata asibitocinmu na koyarwa su riƙa haɗa duk wanda za su sallama da wani da ya warke, kafin ya bar gadon.