Na'urar Zamani Da Koyon Harsunan Waje A Makarantu

Abin takaici ne a ga yaro ya shafe shekara uku a ƙaramar sakandare yana karatun Faransanci, ya haddace ƙa'idojin nahawu har ya ci jarrabawa, amma in baƙo daga Kwatano ya gaishe shi sai ya tsaya zuru. Laifin ba na yaron ba ne. Harshe da kunne ake fara kama shi, sa'an nan baki ya kwaikwaya, shi kuwa yaron allo da alli kaɗai ya sani.

Bukatar kuwa a fili take. Nijar da Binin da Cadi da Kamaru, watau duk ƙasashen da Nijeriya ta yi iyaka da su, da Faransanci ake gudanar da yawancin ayyukan ofisoshinsu. Saboda haka ne Gwamnatin Tarayya ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991, ta kuma kafa na Larabci a Ngala ta Jihar Borno a 1992, domin ɗaliban jami'o'i su zauna inda za su riƙa jin harshen dare da rana. To, amma ɗan sakandaren karkara fa, yaushe zai kai Badagry?

A nan ne na'ura ta shigo. A shekarun baya an gina wa waɗansu kwalejoji ɗakunan koyon harshe, inda kowane ɗalibi ke sa abin sauraro a kunne yana bin kaset. Dabarar ta yi kyau, sai dai tsada da rashin wutar lantarki da rashin kayan gyara suka durƙusar da yawancinsu. Yau kuwa duk aikin wannan ɗaki ya tattaru cikin wayar hannu guda. Malami na iya sauke hirarraki da labaran rediyo daga intanet sau ɗaya, ya haɗa wayar da ƙaramar lasifika mai cajin hasken rana, aji duka ya ji yadda masu harshen ke furta shi. Har wa yau ɗalibi na iya ɗaukar muryarsa, ya saurara, ya gane kuskurensa da kansa.

Amma fa akwai tarko. Tun 2013 da Google Translate ya sa Hausa cikin harsunansa, malalacin ɗalibi ya sami mai yi masa aikin gida. Wanda na'ura ta fassara wa bai koyi kome ba, gama kayan aro ba ya rufe katara. Malami ne kaɗai zai tsayar da yaro a gaban aji ya sa shi magana, ya gyara masa.

Ya kamata ma'aikatun ilmi na jihohi su fara horar da malamai tukuna, sa'an nan su ba kowace makaranta lasifika da faifan hasken rana. Kuɗin bai taka kara ya karya ba. Allah ya sa masu iko su ji.